Usur A Garin Surukai

Abubuwa da yawa sun fara fice mini daga kai, har sunayen wasu abokan yarinta sai an tuna mini. Amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Shagari ba. Ko da na so in manta, mutanen Bodinga ba za su bar ni ba, don har yau in na wuce teburin mai shayi na tasha sai wani ya ɗaga yatsu uku sama, sauran su sunkuyar da kai cikin kofi suna dariya.

Ni manomin albasa ne. Aji uku na yi a firamare mahaifina ya cire ni ya kai ni fadama, saboda haka mai neman zance mai ado ya yi gaba. Bayan albasa, abin da na sani a duniya shi ne ƙwallo. Ban taɓa iya buga ta ba (in na kai mata shuri, ƙasa nake samu), shi ya sa a ƙarshe aka miƙa mini usur aka ce in yi alƙalanci. Shekara bakwai ina hura shi a filin bayan makaranta, har sunana na yanka ya ɓace, kowa sai Mai'usur.

Dokokinmu na lokacin ba su da wuya. Wanda ya kayar da wani ya ɗaga shi ya ba shi haƙuri. In ladan ya kira magariba wasa ya ƙare, ko da ƙwallo na kan hanyar shiga raga. Babbar dokar kuwa ita ce ta kwana, wato bugun kusurwa. Na farko da na biyu a buga su, amma in ƙungiya ta samu na uku, fenariti ne, ba gardama. Da yatsu nake ƙidaya su. Hannun dama na Bodinga, na hagu na baƙi, duk kwana ɗaya in lanƙwashe yatsa ɗaya. Da yatsa na uku ya kwanta sai in hura, in auna taku goma sha biyu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lokacin mulkin farar hula ne, can wajen ƙarshensa, sa'ad da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sabulu ya zama abin nema, madara sai dai a ji sunanta a rediyo, tayar mota kuwa sai wanda ya san wani. Mutum ya wuni yana haɗiyar tsadar kaya, da yamma ba shi da wurin da zai buɗe baki ya yi ihu ba a ce ya haukace ba sai bakin fili. Shi ke nan abin da ya rage mana.

Ana haka aka turo wani jami'in wasanni daga Sakkwato da kofi a hannu, ya ce za a yi gasa tsakanin garuruwa, amma da dokar littafi. Ni dai ranar nan aka sallame ni. Aka fara kawo alƙalai daga birni, manyan mutane da gajeren wando baƙi, gwiwa a waje, aljihu ɗauke da kati biyu, ɗaya ruwan ɗorawa ɗaya ja. Aka ce babu sauran fenaritin kwana uku. Aka kuma zo da wata masifa wai ita satar gida.

Satar gidan nan ita ta kashe mu. Muna da wani ɗan wasa, tela ne, Ɗan'ige, wanda duk duniya ba wanda nake so kamarsa in aka cire iyalina. Ɗan'ige ba ya gudu. Zuwa yake ya tsaya kusa da golan abokan hamayya, su gaisa, ya tambaye shi mutan gida, in ƙwallo ta iso ya juya ya saka ta. Haka ya yi shekaru yana faranta mana rai. A wasanmu na farko da sabuwar doka, da 'yan Danchadi, ya ci uku, aka soke ukun. Kyaftin ɗinmu Garba ya je tambayar dalili cikin ladabi, alƙali ya ɗaga masa katin ɗorawa. Garba ya zaci ba shi aka yi, ya sa hannu biyu ya karɓa har da godiya. Sai alƙali ya zaro ja ya kore shi daga fili.

Washegari da safe a teburin mai shayi na miƙe tsaye, kofi a hannu, na ce, “Wallahi tallahi na bar ƙwallo. Wanga abu da sunka kawo ba ƙwallo ba ta, kotu ta. Daga yau ban da ƙungiya, Bodinga da Danchadi duk ɗaya garan.”

Mode Direba, shugaban magoya baya, wanda ke kwasar mu a a-kori-kurarsa duk inda za a yi wasa, bai ko ɗago kai daga burodinsa ba. Ya ce, “Mai'usur, ka rage rantsuwa, ko hantsi bai yi ba.”

“Ka rubuta ka aje,” na ce masa. Wasu mutum huɗu ma suka ɗauki zafi suka rantse tare da ni.

Na yi ƙoƙari, a yi mini adalci. Wasa biyu aka yi a gida ban je ba. Ina fadama ina ban ruwa, amma kunnena na cikin gari. Daga irin ihun nake gane ko mu muka ci ko soke mana aka yi, har wata rana na bar ruwa ya cinye fangali biyu ina tsaye da buta kamar gunki. Cikin ikon Allah yaran suka yi ta lallaɓawa har ya rage wasa ɗaya su kai na ƙarshe. Wasan kuwa a Shagari za a yi shi.

To, matata Hajo 'yar Shagari ce. Mahaifinta, Malam Attahiru, yana da makarantar allo, zaurensa kuma yana kallon filin ƙwallon garin. Ranar Asabar da safe na cika rabin buhu da albasa na ce mata zan je in gaida Malam, an kwana biyu.

“Yau?” in ji ta. “Ranar wasa?”

“Wane wasa?”

Ta dai ci gaba da tankaɗe tana murmushi irin wanda ba na so.

Na isa bayan azahar, a motar haya, don kada Mode ya gan ni. Na tuɓe takalma nesa da zaure, na durƙusa na kwashi gaisuwa. Malam mutum ne mai ƙarancin magana, irin wanda in an yi rikicin gona a unguwa ake cewa a je a ji ta bakinsa, in ya faɗi an gama. Shekara goma sha biyar ina surukinsa ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ranar nan na gani.

“Labari ya iske ni,” ya ce, “an ce ka bar wasan banza.”

“Allah shi gafarta Malam, na bari. Har rantsuwa na yi gaban mutane.”

“Alhamdu lillahi. Tun ran da anka ɗaura aurenku nika roƙa maka wagga shiriya.”

Wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, amma bai hana ni gyara zama ba, yadda ƙofar zaure za ta riƙa nuna mini rabin fili. Dabarata ke nan. In zauna gaban Malam kamar mutumin kirki, ido ɗaya na kansa, ɗaya na kan Ɗan'ige.

Bayan la'asar fili ya cika. Ban taɓa ganin taro irinsa a wasan ƙauye ba. Mutanen Shagari a shekarun nan suna jin kansu, kowa kuma ya san dalili: shugaban ƙasa ɗan garinsu ne. Ga samarin jam'iyya da aka fara tarawa don zaɓe, ga makiyaya daga Horo Birni kowa da sandarsa a kafaɗa. 'Yan wasa suka yi ta tsalle-tsalle har suka gaji, alƙali shiru. Can wani direba ya kawo labari cewa ya wuce shi a hanya yana tura babur, taya ta fashe, kuma ba inda zai samu wata. Hedimastan garin, wanda ke wakiltar masu gasa, ya ce in ba a buga yau ba za a cire ƙungiyoyin biyu, don babu man da za a sake jigila. Aka ce a nemo alƙali cikin jama'a. Duk wanda Shagari suka nuna Bodinga su ƙi, duk wanda Bodinga suka nuna Shagari su ƙi.

Ni kuwa son jin abin da ake ciki ya ja ni har bakin ƙofa, na leƙa da rabin fuska. Rabin fuskar nan Mode ya hango.

Kafin in koma wurina sai ga sallama. Mutum uku ne: hedimasta, da Mode, da shugaban magoya bayan Shagari, wani mahauci ana ce masa Bawa. Tsabar girman Bawa, sai da ya sunkuya kafin ya shigo zauren. Daga rumfarsa ya taho, kuben wuƙarsa na rataye a ƙugu.

Bayan sun gaida Malam, Mode ya nuna ni. “Ga maganin gardama. Shekara bakwai shina alƙalanci, kuma ba shi da ƙungiya. Gabana yar rantse.” Yana faɗi yana kanne mini ido, wato in ka shiga ka san abin yi.

“Ɗan Bodinga na,” in ji Bawa. “Ba mu yarda ba.”

Na ji daɗin Bawa a raina, har na fara sa masa albarka. Sai Malam ya ajiye alƙalaminsa.

“Bawa, wanga surukina na. Yanzu-yanzu yag gaya man da bakinai ya bar su, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ku ba shi usur ku raba jama'a lafiya. In yay yi son kai, ni za ku kama.”

Na buɗe baki in ce wani abu. Me zan ce? In ce Malam, albasar nan da na kawo maka tikitin kallo ce? Na mayar da bakina na rufe.

Bawa ya dube ni tun daga hula har yatsun ƙafa, irin kallon da yake yi wa sa a kasuwa. Ya ce, “Tunda Malam ya tsaya mai, mun yarda. Amma baƙo, ka sani, alƙalin da yaz zalunce mu bara, takalminai guda na nan rataye rumfata. Bai dawo ɗauka ba.”

A hanyar fili hedimasta ya tsuguna ya jera duwatsu uku a ƙasa, ya yi mini bayanin satar gida cikin minti biyu. Ya ce na gane? Na ce na gane. Ban gane ba. Ya ba ni usur ɗin makaranta da kati biyu da aka yanko daga kwali, shi kuma ya ɗaura ɗankwali a kara ya ce zai riƙe tuta, in ya ɗaga in hura. Na naɗe ƙafar wando, na cusa gaban riga a ciki, na shiga.

Filin nan ba shinge. Layin toka ne kawai tsakanina da mutane, su ma sun taka shi. Duk inda na juya idanu ne da sanduna. Bakina ya bushe har usur na manne mini a leɓe. Na yi duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa. Daga nan na yanke shawara ɗaya: ba zan hura komai ba sai dole. Aka yi ta kayar da juna ina cewa a tashi a ba da haƙuri. Katunan nan ko taɓa su ban yi ba, don ban tabbata wanne ne na kora ba. Aka tafi hutu ba ci. Har na fara tunanin watakila zan koma gida da takalmana biyu.

Abin da ban sani ba shi ne, duk tsoron nan da nake ji, hannuna na hagu yana can yana aikinsa. Shagari sun samu kwana ɗaya tun farkon wasa, yatsa ya kwanta. Sun samu na biyu daf da hutu, wani ya bi shi. Ni ban aike su ba. Shekara bakwai ce ta aike su.

Aka dawo, aka ɗan taɓa, sai golanmu ya ture wata ƙwallo ta fita ta bayan raga. Ɗan Shagari ya ɗauke ta ya nufi kusurwa. Ni kuwa sai na ji usur ya tsage fili, dogon busa, kuma daga bakina ya fito. Ƙafafuna suka kai ni gaban ragarmu, na auna taku goma sha biyu, na dangwala diddige a ƙasa.

Garba Kyaftin ya matso, hannuwansa a baya don kada ya sake karɓar abin da ba a ba shi ba.

“Baba Mai'usur, mi anka yi?”

Na ɗaga hannun hagu, yatsu uku a lanƙwashe, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Kwana ukku!”

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa.

Hedimasta ya sheƙo da tutarsa. “Alƙali, wannan dokar babu ita a littafi! An daina!”

Na ce to, to, a yi haƙuri, a mayar kusurwa. Sai ga inuwa ta rufe ni. Bawa ne ya shigo har tsakiyar fili.

“Hedimasta, ba kai kac ce muna a sabuwad doka in alƙali ya hura ba a jayayya ba? To ya hura.” Ya juyo gare ni, babban yatsansa a maƙale cikin ɗamarar da kuben ke rataye. “Ko ba ka hura ba, surukin Malam?”

Na dubi ɓangaren Bodinga, cikin a-kori-kura ɗaya suka zo. Na dubi na Shagari, gari guda ne. Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, “A buga.”

Aka buga. Ta shiga.

Ƙasa ta girgiza da ihu, amma duk da haka muryar Mode ta iso kunnena. “Mai'usur! Ka saida mu don tuwon surukai! Motata dai ta haramta gare ka, kuma mun san hanyar hwadamarka!”

Sauran wasan a mafarki na yi shi. Ina gudu ina hango albasata, wata uku na wahala, ƙarƙashin ƙafafun samarin Bodinga. Ina tunanin ta ina zan shiga gari, da wane ido zan dubi mai shayi, ko in aika wa Hajo ta tattaro yara mu koma Danchadi. Ƙungiyar da na ce na bari, ga shi ni da hannuna na yanka ta, kuma zafin da nake ji a ƙirji ba na wanda ya bari ba ne.

Rana ta yi ja. Hedimasta ya nuna mini agogonsa, saura kaɗan. Garba ya samu ƙwallo a tsakiya, ya ɗaga kai, ya narka ta gaba da duk ƙarfinsa. Na bi ta da ido, sai na hango Ɗan'ige. Bawan Allah ya gaji da dokar littafi, ya koma gidansa na da. Yana tsaye kusa da golan Shagari shi kaɗai, babu ɗan baya ko ɗaya kusa da su, har kamar na ga suna gaisawa. An ce tun kafin Garba ya taɓa ƙwallon hedimasta ya ɗaga tuta yana kaɗa ta kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero. An ce. Ni ban gani ba. Abin da na gani, ƙwallo ta sauka a ƙirjin Ɗan'ige, ya juya a hankali kamar yadda ya saba, ya ajiye ta a kusurwar raga.

Abin da ya biyo baya ba ni da shi a kaina, mutane ne suka haɗa mini shi daga baya, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Wai na jefa usur sama. Wai na keta rabin fili da gudun da ban taɓa yi ba tun ina saurayi, takalmi ɗaya ya fice, hula ta tashi, katuna suka watse. Wai ina ihu, “Mun rama! Mun rama! Ɗan'ige ɗan albarka!” Ni dai inda hankalina ya dawo, na tsinci kaina a goye a bayan Ɗan'ige, ƙafafuna sun zagaye cikinsa, hannuna ɗaya a wuyansa ɗaya a sama. Mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar.

Ba wanda ya taya ni. Ko 'yan wasanmu ba su motsa ba. Ɗan'ige ya karkato da kai ya ce a hankali, “Baba, sauka. Kai na alƙali.”

Na sauka. Ban dubi Bawa ba, ban dubi sanduna ba. Zauren Malam na duba. Yana tsaye a bakin ƙofa, shi da bai taɓa kallon ƙwallo ba a rayuwarsa, ya fito ya ga yadda surukinsa zai raba jama'a lafiya. Carbinsa na hannu, ya daina ja.

Sai fili ya fashe.

Ban san ina da sauran gudu ba. Ƙofa ɗaya na sani a garin nan, ita na nufa. Na wuce Malam ba sallama, har iskata ta ɗaga masa gefen rawani. Na ratsa zaure, na faɗa tsakar gida, kaji suka watse, na ga ɗaki da labule na afka, na ga gadon ƙarfe na shige ƙarƙashinsa. Sai da na kwanta ina haki, kumatuna a ƙasa, na ga jeren kwanonin da ke jikin bango, na gane inda nake. Ɗakin Inna ne, uwar Hajo.

Wanda ba Bahaushe ba ba zai gane ba. Shekara goma sha biyar ban taɓa wuce bakin ƙofar nan ba. Daga waje nake durƙusawa in gaishe ta, ita kuma ta ja mayafi ta amsa wa bango. Ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Yau ga ni ƙarƙashin gadonta tsakanin tsohuwar fitila da ƙwaryar daddawa.

Tana zaune a tabarma tana tsintar wake. Ba ta yi ihu ba, ba ta ko waiwayo ba. Ta jefar da tsakuwa ɗaya, ta ce wa bango, “A hwaɗa ma baƙon da ac cikin ɗaki, ƙahwa guda na waje.”

Na janye ƙafar.

Daga nan nake jin taron ya iso ƙofar gida. Ana kiran a fito da shi, ana dukan ƙasa da sanduna. Na ji wani na cewa a zagaya ta baya a haura katanga. Na rufe ido na fara kalmar shahada. Sai hayaniyar ta fara sauka kaɗan-kaɗan, na ji muryar Malam, bai ɗaga ta ba ko kaɗan.

“Bawa, ni nic ce in yay yi son kai ku kama ni. To ya yi. Ga ni. Wa za shi hwara?”

Na ji dukan sanduna ya tsaya.

“Allah shi gafarta Malam,” in ji Bawa, muryarsa ta koma ta ɗalibi, “ba da kai muke ba.”

“Da ni kuke. Ni nib ba da shaida gaban jama'a, shaidata kuwa ta hwaɗi. Shi baƙo na, gidana shike. Ku yi abin da kunka zo yi.”

Da sun shigo sun yi mini dukan da suka yi niyya, ina jin da ya fi mini sauƙi a kan jin wannan maganar. Ana cikin haka ladan ya kira magariba. Malam ya ce mai alwala ya shiga sahu, marar ita ga buta. Tsohuwar dokarmu ce dai ta raba wasan a ƙarshe.

Bayan an idar na ji takunsa a tsakar gida. “Hito,” ya ce, “ko can za ka tare?”

Na fito da yanar gizo-gizo a gemu, takalmi ɗaya a ƙafa. Na yi sallata a gefe, na zo na durƙusa.

“Allah shi gafarta Malam, waɗanga sabbin dokoki na sunka ruɗa…”

“Doka ta ta ɗora ka bisa bayan ɗan mutane?”

Na sunkuya ina kallon ƙafata marar takalmi.

“Ba ƙwallon ad damuwata ba. Ka yi ma kanka ƙarya, ka yarda da ita, sannan ka kawo man, ni kuma na ɗauka na kai gaban jama'a. Rantsuwa kac ce ka yi? To akwai kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, in ba ka iyawa ka yi azumi ukku. A wagga tsada na san wanda za ka zaɓa.” Ya miƙe, ya kai bakin zaure, ya tsaya. “Daga yau in an tambaye ni shaidarka, zan ce ka iya noman albasa. Nan zan tsaya.”

Nan kuwa ya tsaya. Shekaru sun wuce, muna gaisawa lafiya, yana cin albasata, amma ko kalma ɗaya bai ƙara a kan shaidar nan ba.

Da sassafe na bi motar farko na koma. Ba a taɓa fadamata ba. Mode ya ce sun tafi da niyyar yi, amma a hanya duk wanda ya tuna ni a bayan Ɗan'ige sai dariya ta kayar da shi, har sai da ya tsayar da mota gefen titi. Hajo kuwa labari ya riga ni isa. Ta kawo mini ruwa, ta ce, “Ya kab baro Inna?” Na kafa kai na shanye ruwan.

Masu gasa suka soke wasan, suka ce a sake shi a Danchadi da alƙalin gaske. Aka ci mu biyu ba ko ɗaya, aka soke wa Ɗan'ige guda biyu. Na sani don ina wurin, ranar azumina na uku, ina zagin satar gida har maƙogwarona ya bushe ba damar shan ruwa. Da na waiwaya, mutum huɗun nan da suka rantse tare da ni duk suna bayana, kowa ya ja hula ya rufe goshi.

Har yau ba na son dokokin nan, kuma na ji an ce wasu na tafe. Duk sanda aka canza wani abu sai ka ji mutane a tasha suna cewa sun bar ƙwallo, an lalata ta, ba su ba ƙungiya. Ba na yi musu gardama, ba na kuma yarda. Abu biyu kawai nake gaya musu. In za ka yi fushi da ƙungiyarka, yi abinka, amma kada ka rantse, kuma kada ka kai labarin gidan surukai. In kuwa ka ji wani ya ce ba shi da ƙungiya, ba shi wurin zama da ruwan sanyi, kada ka ba shi usur.

Takalmina yana nan rataye a rumfar Bawa, kusa da na wancan alƙalin. Ni ma ban koma ɗauka ba.